Me labarin zomo da bushiya yake koya wa yaro game da abota ta gaskiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata tana da shekara shida. Na karanta mata wani labarin yara na zomo da bushiya. Zomo ya haƙa raminsa a bakin rafi, yana da lambu, kullum gidansa cike da dabbobi ana wasa ana dariya. Bushiya kaɗai ta ce masa ramin ya yi kusa da ruwa, sai ya ji haushi ya daina kula ta. Da ambaliya ta zo ta cinye ramin da lambun, kowa ya watse, sai bushiya ta zo ta yi kwana uku tana taya shi haƙa sabon rami a kan tudu. Da na gama na tambaye ta wane ne abokin gaskiya, sai ta ce, "Wanda ya taya ka haƙa rami." Ga shi kuma a makaranta akwai wata yarinya da kullum take ce mata in ba ta ba ta fensirinta ba, ta daina ƙawa da ita, ita kuma sai ta miƙa. Me labarin nan yake koyarwa a kan abota, kuma ta yaya zan sa ta gane?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki tukuna, domin amsar da yarinyar ta ba ki ba ta nuna ƙarancin fahimta ba. Abin da ta gani ta faɗa miki. Ɗan shekara shida yana riƙe abin da ido ya gani da abin da hannu ya yi: ruwa, ƙasa, rami, haƙa. Kalmomi irin su amana da juriya ba sa cikin hoton, sai an kama hannunsa an kai shi gare su. A 2008 Marie-Louise Mares da Emily Acosta na Jami'ar Wisconsin a Amurka sun nuna wa yara 'yan shekara biyar zuwa shida wani katun, inda wasu karnuka suka haɗu da kare mai ƙafa uku, suka fara ɗari-ɗari da shi, daga baya suka karɓe shi. Manufar masu shirin ita ce yara su koyi zama lafiya da mutane masu naƙasa. Da aka tambayi yaran, yawancinsu abin da suka ɗauka bai wuce a kyautata wa kare mai ƙafa uku ba. Ramin 'yarki da wannan karen duk tafiyarsu ɗaya.

Shi kansa labarin ya fi ƙarfin darasin da aka saba rataya masa, wato abokin gaskiya shi ne wanda ya tsaya maka ranar wuya. Wannan gaskiya ne, amma ba daga nan abotar bushiya ta faro ba. Ta faro ne tun ranar da gida yake cike, kowa yana yaba lambu, ita kuwa ta dubi tazarar da ke tsakanin bakin ramin da ruwa ta yi magana. Ta san maganar ba za ta yi daɗi ba, ta san tana iya rasa wurin zamanta a cikin taron, ta faɗa duk da haka. Sauran dabbobin daɗin zama da zomo suke so. Bushiya lafiyar zomo take so, ko da hakan zai sa ya ɗaure mata fuska. A ganinmu wannan ne ƙashin bayan labarin, kuma shi ne ɓangaren da yara suka fi tsallakewa, saboda babu wani motsi a cikinsa. Magana ce guda, aka faɗe ta, aka wuce.

Sai kuma abin da ba ta yi ba. Ta iso ta tarar da zomo a jiƙe, ba gida ba lambu, ga dama ta samu ta ce "ai na gaya maka". Ba ta ce ba. Ta sa hannu a ƙasa. Manya da yawa ma wannan yana gagararsu, kuma yaro ba zai lura da maganar da ba a yi ba sai an nuna masa wurin da ya kamata a ce ta fito. Kwana ukun nan ma ba ado ba ne. Suna nuna cewa taimakon ya ci mata wani abu: ta bar nata aikin, ta gaji, ta yi ƙura. Kyautar abin da ba ka buƙata ba ta gwada zurfin abota.

Dabbobin da suka watse fa? A nan ake yawan yi musu rashin adalci. Sama da shekara 2300 da suka wuce, masanin falsafar nan na Girka, Aristotal, ya kasa abota gida uku: ta amfani, ta jin daɗi, da wadda ake so wa mutum alheri don shi kansa. Ya ce biyun farko sukan ƙare da zarar amfanin ko daɗin ya ƙare, amma bai kira masu yin su miyagu ba. Abokan wasa ne, kuma yawancin waɗanda yaro zai yi mu'amala da su a rayuwa haka suke, babu laifi a ciki. In kika ce mata "waɗancan mugayen abokai ne", gobe duk yarinyar da ta ƙi wasa da ita na rana ɗaya za ta shiga wannan sahun, sai ki ga tana ɓatawa da rabin ajinsu.

Amma akwai giɓi a labarin kamar yadda kika kawo shi, kuma giɓin yana da alaƙa kai tsaye da maganar fensir. Zomo bai ba da haƙuri ba, bai yi godiya ba, ba a ga ranar da ya yi wa bushiya wani abu ba. Hannu ɗaya ne yake ta bayarwa daga farko har ƙarshe. Yarinya mai taushin zuciya tana iya fita daga irin wannan labari da fahimtar cewa ƙawa ta gari ita ce wadda ake wulaƙantawa ta haƙura, ta dawo ta yi hidima. Labaran yara da yawa suna da wannan lahani, kuma muna ganin ya fi kowane lahani illa, domin yaran da suka fi ɗaukarsa su ne waɗanda tun asali ba su iya cewa a'a ba. Za mu zo ga yadda za ki cike giɓin.

Yana da kyau ki san inda shekarunta suka ajiye ta. Robert Selman na Jami'ar Harvard, a littafinsa na 1980, ya bayyana matakai biyar da fahimtar yara game da abota take bi, kuma shekarun suna shiga cikin juna. Daga wajen shekara 3 zuwa 7, aboki shi ne wanda muke wasa tare yanzu. Daga 4 zuwa 9, aboki shi ne wanda yake yi mini abin da nake so. Daga 6 zuwa 12 ake gane ba-ni-in-ba-ka, sai dai ƙaramin saɓani yana iya kashe abotar gaba ɗaya. Daga 9 zuwa 15 ne aminci na gaske yake shigowa, da riƙon sirri, da abotar da take tsallake faɗa, tare da kishi mai zafi in amini ya yi wani aboki. Mataki na ƙarshe, daga 12 zuwa sama, shi ne a yarda cewa amininka yana da wasu mutane kuma hakan bai rage maka komai ba. "Wanda ya taya ka haƙa rami" amsa ce ta mataki na biyu tsaf. Don haka kada ki ɗora mata fahimtar 'yar shekara goma sha biyu. Aikinki shi ne ki matsar da ita taki ɗaya, daga "me ƙawata take yi mini" zuwa "me muke yi wa juna".

Yadda za ki yi, ki karanta labarin sau uku a cikin mako guda, kowane zama minti goma zuwa sha biyar, a lokacin da ba ta jin barci ko yunwa. Karatun farko kin riga kin yi, kuma shi ba a katse shi. Na jin daɗi ne da sanin wa ya yi me. Kuskuren da aka fi yi shi ne a rufe littafi a jefo babbar tambaya nan take, irin "me kika koya?" ko "wane ne abokin gaskiya?" Yaro yana jin ƙamshin jarrabawa a irin wannan tambayar, sai ya laluɓo amsar da za ta sa a ƙyale shi.

A karatu na biyu aikin yake. Ki tsaya a wuri uku kacal, in kika wuce haka zaren labarin zai tsinke mata. Tsayawa ta farko, daidai inda bushiya ta yi gargaɗi: "Me kike jin zomo ya ji a ransa da ta faɗi haka?" Ki yi shiru, ki ƙirga har goma a zuciyarki kafin ki ƙara wata kalma. Iyaye da yawa ba sa iya jure wannan shirun, sai su ba da amsar da kansu, yaro ya gyaɗa kai, a tashi ba a yi komai ba. In ta ce "ya ji haushi", ki karɓa ki ɗora kaɗan a kai: "Haka ne, ya ji haushi. Wataƙila ma ya ji kunya, tunda yana alfahari da raminsa. To ita bushiya ta san zai ji haushi, me ya sa ta faɗa?" Wannan salo na a tambaya, a saurara, a faɗaɗa amsar yaro, sannan a ba shi dama ya maimaita, shi ne wanda Grover Whitehurst da abokan aikinsa suka gwada a 1988 don bunƙasa harshen ƙananan yara, kuma tsarinsa yana aiki a irin wannan hira.

Tsayawa ta biyu, inda bushiya ta iso bayan ambaliya. Ki rufe shafin da tafin hannunki ki ce, "Da ke ce bushiya, an yi kwanaki ba a kula ki, me za ki fara ce masa?" Kada ki yi mamaki in ta ce za ta ce Allah ya ƙara, ko ba za ta je ba ma sam. Kada ki gyara mata. Ki ce, "Mutane da yawa haka za su ji. Mu ga ita me ta yi." Sannan ki ɗaga hannunki. Tazarar da ke tsakanin abin da ta zata da abin da ta gani ta fi duk wani bayani da za ki yi mata.

Tsayawa ta uku a ƙarshe ce, kuma nan za ki cike giɓin nan. Ki ce mata labarin bai ƙare ba, saura shafi ɗaya da ba a rubuta ba: bayan wata guda bushiya ta kwanta rashin lafiya, ba ta iya fita. Me zomo zai yi? Me zai ce mata game da kwanakin da ya yi yana gaba da ita? Ki bar ta ta ƙirƙira, ta zana hoton in tana so, ki rubuta kalmominta a ƙasa yadda ta faɗe su, ki manna takardar a bayan littafin. Daga ranar duk lokacin da aka karanta labarin, da shafinta za a rufe.

A karatu na uku ita za ta ba ki labarin, amma da sharaɗi guda: zomo da bushiya su koma yara biyu 'yan aji ɗaya. Akwai dalili. A 2017 Nicole Larsen da Kang Lee da Patricia Ganea na Jami'ar Toronto a Kanada sun karanta wa yara 'yan shekara 4 zuwa 6 labarin rabawa da wasu, wasu da hotunan mutane, wasu da hotunan dabbobi masu halin mutane. Sun ba kowane yaro sitika, suka duba nawa zai bar wa wani yaro kafin karatu da bayansa. Waɗanda suka ji labarin mutane ne suka ƙara yawan abin da suke bayarwa. Na dabbobi ba su ƙara ba. Bincike ɗaya bai isa a jefar da labaran dabbobi ba, kuma ba ma ba da shawarar haka, don yara suna son su ƙwarai. Abin da yake nunawa shi ne yaro ba ya gina gada tsakanin zomo da kansa shi kaɗai. Ambaliya ba ta zuwa ajinsu. Abin da yake zuwa shi ne ta faɗi a filin wasa kowa ya kwashe da dariya, wata ta ƙi yin dariyar ta miƙo mata hannu. Ko igiyar takalminta ta kwance ana gudu zuwa layi, wata ta tsaya ta jira ta. Ko ta rubuta harafi a juye, ƙawarta ta raɗa mata a kunne maimakon ta ɗaga littafin ta nuna wa aji. Ki taimaka mata ta nemo irin waɗannan daga ranakunta. Wannan na ƙarshen ma ya buɗe wata ƙofa: faɗin gaskiya abota ne, amma a ina aka faɗe ta, da wace murya?

Abubuwa biyu kan ɓata aikin ko da an bi duk wannan. Na farko, jan ɓangaren faɗa. Mai karatu yakan zuba murya da fuska a wurin fushin zomo, saboda nan ne yaro yake zaro ido, sannan ya bi ta kan sulhun da sauri don an gaji. Abin da aka fi daɗewa a kai shi yake zama a kan yaro. A binciken karen nan mai ƙafa uku, yaran da aka cire musu ɓangaren da karnukan suke ɗari-ɗari da shi sun fi gane manufar shirin. Don haka ki taƙaita gabar, ki daɗe a kan tudu wajen haƙa. Na biyu, mayar da labarin abin tsoratarwa: "Kin ga abin da ya sami zomo da bai ji magana ba?" A 2014 Kang Lee da abokan aikinsa sun gwada labaran gaskiya da ƙarya a kan yara 'yan shekara 3 zuwa 7. Labaran da maƙaryaci ya gamu da mummunan ƙarshe ba su ƙara wa yaran faɗin gaskiya ba. Wanda ya yi tasiri shi ne labarin yaron da ya amsa laifinsa, mahaifinsa ya yi farin ciki da shi. Binciken a kan gaskiya yake, amma a fahimtarmu hukuncin ɗaya ne a nan: ki nuna mata daɗin da ke cikin halin bushiya, da irin sanyin da zomo ya ji da ya ɗaga kai ya gan ta.

Wani abu kuma da ya kamata ki sa ido a kai, ko da ba ya cikin wannan labarin, zai zo a wasu: "aboki na gari ba ya tona asiri". Duk ranar da kika ci karo da wannan, ki tsaya ki raba mata biyu. Akwai sirrin da riƙe shi yake sa farin ciki kuma yana da ranar bayyana, kamar kyautar da ake shirya wa wani. Akwai kuma wanda yake sa ciki ya ɗuri ruwa, wanda wani yake cutuwa a cikinsa ko aka ce kada a gaya wa Mama har abada. Na biyun a kawo shi wurin babba, kuma kawo shi ba cin amana ba ne.

Mu koma kan fensir. Kada ki haɗa shi da labarin a rana ɗaya, za ta gane cewa tarko aka ɗana mata da littafin, ta rufe baki. Ki bari kwana biyu ko uku, sannan ki kawo shi a cikin wasa. Ki ɗauki 'yar tsana biyu, ko safa biyu a hannu, ɗaya ta ce, "In ba ki ba ni ba, na daina ƙawa da ke." Ki tambaye ta, "Bushiya ta taɓa ce wa zomo haka? Ya biya ta wani abu kafin ta zo?" Sannan ku yi ta gwada amsa, ita tana riƙe da wadda ake tambaya, har maganar ta zauna a bakinta. Jimla ɗaya ko biyu gajeru sun isa: "Yau ina aiki da shi, amma zo mu yi wasa in an fita hutu." Ko kuma, "Zan ara miki, ki dawo mini da shi in an tashi." Ki lura kowace amsa tana ɗauke da abu biyu, iyaka da kuma ƙofar da aka bari a buɗe. Wannan ya fi "ki daina kula ta" sauƙin aikatawa, domin abin da 'yarki take tsoro ba rashin fensir ba ne, zaman kaɗaici ne a lokacin hutu. Ku maimaita sau huɗu ko biyar a ranaku daban-daban, ku musanya matsayi wani lokaci. Ki kuma gaya mata tun da wuri cewa wataƙila yarinyar ta yi fushi ta tafi, kuma a wannan shekarun irin fushin nan sau da yawa ba ya kwana biyu. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Ita ma waccan yarinyar 'yar shekara shida ce, tana mataki ɗaya da 'yarki, ta gano wata magana da take biya mata buƙata sai ta riƙe ta. Kada ki zage ta a gaban 'yarki, kada kuma ki tare ta da kanki a bakin makaranta. Amma akwai inda abin yake wuce wasan yara. Dan Olweus, wanda ya yi shekaru yana nazarin cin zali a makarantun Norwe, ya sa masa alamomi uku: ana yi da gangan, ana maimaitawa, kuma ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, ko na jiki ko na yawan magoya baya. In bayan mako biyu da fara gwajin nan abin bai sauya ba, ko ya tashi daga fensir ya koma wasu kayanta, ko aka fara hana sauran yara wasa da ita, ko ta fara kukan ciwon ciki da safe a ranakun makaranta kawai, to ki je wurin malamar ajinsu. Ki tafi da rubutu: ranaku, abin da aka karɓa, da ainihin kalmomin da aka faɗa. Ki nemi abu biyu takamaimai, a sauya musu wurin zama, kuma a riƙa haɗa 'yarki aikin mutum biyu-biyu da wasu yara daban, don ta sami wata da za ta tsaya kusa da ita in an fita hutu. Ki roƙi malamar kada ta kira su biyun gaban aji, sannan ku sa ranar da za ki dawo ku duba, bayan kwana goma.